Layi Ɗaya, Suna Shida: Tarihin Cinikin Kamfanin Wayar da Ke Aljihunka

Duk wanda ya mallaki lambar waya mai farawa da 0802 tun shekarar 2001, kuma bai yar da ita ba har yau, ya yi hulɗa da kamfani mai suna shida ba tare da ya sauya layi ba. Da farko Econet ne, sai Vodacom na 'yan makonni, sai Vmobile, sai Celtel, sai Zain, sannan Airtel. Galibin sauye-sauyen nan sun zo da sabon fenti a jikin rumfunan masu sayar da kati, da sabuwar talla a rediyo. Abin da tallar ba ta faɗa shi ne cinikin da aka ƙulla a Legas, ko Holan, ko Kuwait, ko Delhi, inda biliyoyin daloli suka tashi daga wannan hannu zuwa wancan.

A ƙasar Gobir ta arewa maso gabashin jihar Sakkwato, wato Sabon Birni da Isa da garuruwa irin su Kurawa da Gatawa, tarihin nan yana da ƙarin nauyi, domin kamfanin yana aiki a ɓangarorin iyaka biyu, Najeriya da Nijar. Yana kuma da amfani ga matasanmu da ke kafa ƙananan kamfanonin fasaha a Kano da Kaduna da Abuja, suna fatan wata rana babban kamfani ya zo ya taya. Darasinsa guda ne: ranar ciniki, rabon kowa yana bin abin da aka rubuta masa a takardar mallaka tun ranar farko, komai yawan wahalar da ya sha a tsakani.

Gwanjon 2001

Kafin 2001, layukan tarho da ke aiki a Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 120. Kamfanin gwamnati, NITEL, shi ne wuƙa shi ne nama. Wanda ke son magana da ɗan'uwansa a Legas daga karkarar Sakkwato, sai ya aika wasiƙa ta hannun direba, ko ya ɗauki muryarsa a kaset.

A watan Janairu 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ƙarƙashin Injiniya Ernest Ndukwe, ta yi gwanjon lasisin wayar salula. Farashi ya tsaya a dala miliyan 285 kowane lasisi. MTN na Afirka ta Kudu ya samu, Econet Wireless Nigeria ya samu, an kuma keɓe wa NITEL nasa. A watan Agusta na shekarar Econet da MTN suka fara aiki. Kira ya kama naira 50 a minti ɗaya, ko da daƙiƙa biyar ka yi, har sai da Globacom na Mike Adenuga ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa.

A yau kamfanonin nan sun zama gagarau, har an manta cewa a wancan lokaci kasada ce. Babu tabbatacciyar wutar lantarki, saboda haka kowane turken sadarwa sai da janareto da man dizal da maigadi. Manyan kamfanonin waya na Turai sun ƙi shiga gwanjon, suna ganin talaka ba zai iya biyan kuɗin kira ba. Waɗanda suka shiga sun yi abin da duk mai kafa sabon kamfanin fasaha yake yi: sun zuba kuɗi a kasuwar da ba a taɓa gwadawa ba.

Mai tsaron shago da masu shago

Sunan Econet na Strive Masiyiwa ne, injiniya ɗan Zimbabuwe wanda ya shafe kimanin shekara biyar yana shari'a da gwamnatin ƙasarsa kafin ya iya buɗe kamfaninsa a can a 1998. Shi ya kawo suna da ƙwarewa Najeriya. Kuɗin lasisi kuwa daga 'yan Najeriya ya fito: 'yan kasuwa da bankuna, da gwamnatocin jihohin Legas da Delta da Akwa Ibom. Kamfanin Masiyiwa ya tashi da kashi 5 cikin ɗari na hannun jari, tare da kwangilar gudanar da harkokin yau da kullum.

Duk wanda ya san kasuwar Kantin Kwari ya san wannan tsari. Akwai mai dukiya, akwai yaron da ke zaune a shago, wanda ya san kowane abokin ciniki da sunansa, ya san kayan da ke tafiya da wanda ke kwantai. Muddin ana shiri, baƙo ba zai bambance su ba. Ran da aka ɓata, sai a ga wanda zai miƙa makulli.

Tsakanin 2003 da 2004 aka ɓata. Kamfanin na buƙatar ƙarin jari don ya kamo MTN, aka kuma kasa daidaitawa kan wanda zai zuba shi. Masu rinjayen hannun jari suka raba gari da Masiyiwa, suka gayyato Vodacom na Afirka ta Kudu a 2004. Vodacom bai daɗe ba ya janye, yana nuna rashin gamsuwa da yadda aka biya wasu kuɗaɗen dillanci. Aka raɗa wa kamfanin suna Vmobile. A 2006 Celtel ya sayi kashi 65 cikin ɗari a kan kimanin dala biliyan ɗaya.

Masiyiwa ya tafi kotu da hujjar da ɗaliban fiƙihu za su gane nan take. A babin shuf'a, idan mutum biyu suka yi tarayya a gida ko gona, ɗaya ya tashi sayar da rabonsa, abokin tarayyarsa ya fi bare cancantar saye a kan farashin da aka taya. Yarjejeniyar masu hannun jarin Econet tana da sharaɗi irin wannan, shi kuma ya ce an tsallake shi. A ƙarshen 2011 kwamitin sasanci ya amince an tauye masa wannan haƙƙi, a farkon 2012 kuma Babbar Kotun Tarayya ta tabbatar masa da kashi 5 ɗinsa. Sai dai kafin lokacin an riga an sake sayar da kamfanin ga Indiyawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk da haka, abin da ya ba shi ƙafar tsayawa a gaban alƙali shi ne 'yan layukan da aka rubuta a yarjejeniyar farko.

Hanyar Mo Ibrahim

Celtel, wanda ya sayi Vmobile, shi ma ƙaramin kamfani ne da ya girma aka saye shi. Mohammed Ibrahim, wanda aka fi sani da Mo Ibrahim, an haife shi a Sudan a 1946, ya yi karatun injiniya a Iskandariyya, sannan a Bradford da Birmingham ta Ingila. Ya riƙe muƙamin daraktan fasaha a Cellnet, reshen salula na British Telecom. A 1989 ya ajiye aiki ya kafa MSI, kamfanin da ke tsara wa masu wayar salula inda ya dace su kafa turakunsu. A 2000 kamfanin Marconi ya sayi MSI. Ma'aikatansa suna riƙe da kusan kashi 30 cikin ɗari na hannun jarin, saboda haka cinikin ya shafi aljihunsu kai tsaye.

Tun 1998 ya ware wani reshe don neman lasisin salula a ƙasashen Afirka, wanda a 2004 ya ɗauki sunan Celtel. A Nijar ya fara aiki a 2001. Bankunan kasuwanci sun yi ta ɗari-ɗari da ba shi rance, don haka ya jingina da masu zuba jari irin su CDC ta Birtaniya da IFC, reshen Bankin Duniya. Waɗannan ba sa sakin kuɗi sai sun ga littafin lissafi da aka tantance da kwamitin daraktoci mai iko na gaske. Mo Ibrahim ya sha bayyana wata ƙa'ida da suka kafa: duk kashe kuɗin da ya haura dala 30,000 sai kwamitin daraktoci ya sa hannu. Manajan da wani jami'i ya matsa wa da neman na goro yana da amsa a shirye, cewa ba shi da ikon fitar da kuɗin.

A 2005 Celtel yana aiki a ƙasashe 13, da masu layi sama da miliyan biyar, yana kuma shirin sayar da hannun jarinsa a kasuwar Landan. Sai kamfanin MTC na Kuwait ya taya shi kusan dala biliyan 3.4, aka sallama. Mai shirin shiga kasuwar hannun jari ya riga ya baje littattafansa a gaban masu bincike, yana kuma da wata ƙofar idan tayi bai yi masa ba. Abubuwan nan biyu suka ɗaga farashin. Da ribar ne ya kafa gidauniyarsa a 2006, wadda ke ba tsofaffin shugabannin Afirka lambar yabo. Mahamadou Issoufou na Nijar shi ya samu ta shekarar 2020.

Injiniyoyi biyu ne, a zamani ɗaya, a sana'a ɗaya. Ɗaya ya gina a filin da yake da babban rabo a ciki, ɗayan kuma, a Najeriya, ya gina a filin wasu.

Iyakar da ta raba Gobir

Don a fahimci abin da mutanen Kuwait suka saya, sai a dubi taswirar Gobir. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da mutuwar Sarkin Gobir Yunfa, Gobirawa suka watsu. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 wani ɓangare ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga baya Ɗan Halima ya ɓalle daga Tsibiri ya kafa Sabon Birni. Da Turawa suka zo, yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906 suka ja layin da ya bar Tsibiri a hannun Faransa, Sabon Birni da Isa a hannun Ingila. Aure da zumunci da fatauci ba su daina tsallaka layin ba: gero da wake da dabbobi da atamfa suna kai da komo tsakanin Maraɗi da kasuwannin Sabon Birni da Shinkafi.

Tsarin wayar salula na duniya ya ɗauki iyaka da muhimmanci fiye da yadda Bagobiri ya ɗauke ta. Da zarar ka tsallaka da layinka, kuɗin kira ya ninka, har amsa waya ma sai ka biya. A watan Satumba 2006 Celtel ya rushe wannan tsari tsakanin Kenya da Tanzaniya da Yuganda, da shirin da ya kira One Network. A watan Nuwamba 2007 aka faɗaɗa shi zuwa Najeriya da Nijar da Chadi da Burkina Faso da wasu ƙasashe. Mai layin Celtel zai iya tsallakawa daga Sabon Birni zuwa Maraɗi, ya yi kira da farashin gida, ya amsa kyauta, ya sayi kati a inda ya sauka.

Wannan ƙirƙira ba ta buƙaci sabuwar na'ura ba. Ta yiwu ne saboda kamfani ɗaya ya mallaki turaku a ɓangarorin biyu, abin da sayen Vmobile ya kawo. Nan ne amfanin saye yake ga mai amfani da waya: ƙaramin kamfani mai lasisin ƙasa ɗaya ba zai iya yi masa haka ba.

Me mai saye yake saye?

A 2008 MTC, wanda ya riga ya koma Zain, ya shafe sunan Celtel. A watan Yuni 2010 Bharti Airtel na Sunil Mittal ya kammala sayen rassan Zain a ƙasashen Afirka 15 a kan dala biliyan 10.7, har da bashin da ya gada. Masu layi a lokacin kimanin miliyan 42 ne. Idan aka raba, kowane mai layi ya tashi a kan kusan dala 250. Mai sayar da albasa da ke loda katin naira ɗari yana cikin lissafin, ko da bai sani ba. Abu na farko da ake saye ke nan: jama'ar da suka saba biya.

Abu na biyu shi ne izinin gwamnati. A 2007 Alheri Engineering, na rukunin Aliko Ɗangote, ya samu lasisin 3G a kan dala miliyan 150, daidai da MTN da Globacom da Celtel. Bai buɗe wa jama'a layi ba, amma a ƙarshen 2010 Etisalat ya sayi reshen da ke riƙe da lasisin, domin yana buƙatarsa. Haka MTN ya sayi Visafone na Jim Ovia a farkon 2016, idonsa na kan zangon iskar da gwamnati ta ware wa Visafone, wanda ya dace da intanet mai sauri.

Abu na uku ƙarfe ne da ƙasa. A 2015 Airtel ya sayar wa American Tower na Amurka turakunsa na Najeriya kimanin 4,700 a kan fiye da dala biliyan ɗaya, ya koma yana haya a kansu. A 2019 American Tower ya sayi Eaton Towers, wanda ke da turaku a Nijar. Turken da ke bayan gari yana iya ɗaukar eriyar kamfanin Indiya alhali mai shi yana Boston.

Mai saye ma yana iya faɗawa rami. Telkom na Afirka ta Kudu ya sayi kashi 75 cikin ɗari na Multi-Links a 2007 a kan dala miliyan 280, ya ƙara dala miliyan 130 ya cike sauran, sannan a 2011 ya rabu da shi a kan dala miliyan 10 kacal. Multi-Links yana kan fasahar CDMA, kasuwa kuwa ta riga ta bi GSM. Tun daga irin wannan asara, masu saye suka ƙara tsananta bincike: wa ya mallaki me, wane bashi ke ɓoye, wace shari'a ke jira.

Satumba 2021

Mai layi yana cikin farashi, amma ba ya cikin shawara. Mutanen Gobir sun ga haka ƙuru-ƙuru. A farkon Satumba 2021 NCC ta umarci kamfanoni su kashe sabis a jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Kafin ƙarshen watan gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sanar da irin wannan mataki a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa. Makonni suka shuɗe babu kira, babu tura kuɗi, masu POS suka rufe. Waɗanda ke kusa da iyaka suka koma neman layukan Nijar, inda iska ke kawo sabis ɗin ƙetare.

Ana iya yin muhawara kan ko matakin ya taimaka wa tsaro. Abin da ya shafi batunmu shi ne abin da ya tona: lasisi aron gwamnati ne, tana iya dakatar da amfaninsa da wasiƙa ɗaya, kuma zanen aro ba ya rufe katara. Ga kamfani mai masu layi a ƙasashe goma sha huɗu, rufe ƙananan hukumomi kaɗan ɗan giɓi ne a rahoton wata uku. Ga mai shago a Kurawa, hanyar cinikinsa ce da hanyar jin lafiyar 'ya'yansa. Duk lokacin da aka sayar da kamfani ga wanda ya fi girma, jari yana ƙaruwa, amma teburin da ake yanke hukunci yana ƙara nisa da garin da turken yake.

Akwai misalin da ya bi akasin wannan hanya, a Nijar. Orange na Faransa, wanda ya shiga ƙasar a 2008, ya sayar da reshensa a watan Nuwamba 2019, bayan takaddamar haraji da gwamnati. Masu sayen su ne Mohamed Rissa, mai kamfanin sufuri na Rimbo, da Moctar Thiam, waɗanda dama suna da ƙaramin rabo a ciki. Suka raɗa masa suna Zamani. Ƙaramin hannun jarin da suka riƙe tun farko shi ya zaunar da su kusa da ƙofa ran da mai gida ya tashi fita.

Ga masu tasowa

Zuriyar da ta biyo baya ta hau kan turakun da waɗancan suka kafa. Shola Akinlade da Ezra Olubi sun kafa Paystack a 2015 don sauƙaƙa biyan kuɗi ta intanet. Stripe na Amurka ya jagoranci zuba masa jari a 2018, ya zauna shekara biyu yana ganin cikin littafinsa, sannan a Oktoba 2020 ya saye shi a kan fiye da dala miliyan 200. Funke Opeke ta shimfiɗo wayar ƙarƙashin teku ta MainOne daga Fotugal zuwa Legas a 2010. A Disamba 2021 Equinix ya sanar da sayen kamfanin a kan dala miliyan 320. A Oktoba 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar tallafa wa sababbin kamfanonin fasaha. Doka tana iya sauƙaƙa rajista da haraji, amma ba za ta rubuta wa abokan tarayya yarjejeniyarsu ba.

A nan ne al'adarmu take da rauni. Abokai uku za su haɗu, ɗaya ya kawo kuɗi, ɗaya ya rubuta manhaja, ɗaya ya yi ta yawon neman abokan ciniki, a yi shekara uku ba a taɓa zama an faɗi rabon kowa ba, don kunya, ko don kada a ce babu yarda. Wani Alhaji zai zuba miliyan goma, shi yana ganin jari ya saka, su suna ganin rance ya ba su. Kuɗin kamfani da na cefane suna shiga asusu ɗaya. Muddin kamfanin bai yi daraja ba, babu mai tayar da maganar. Ran da mai saye ya aiko lauyoyinsa, tambayarsu ta farko ita ce wa ya mallaki kamfanin, kuma amsa uku mabambanta ta isa ta kashe cinikin.

Kakanninmu fatake sun san ƙiradi, inda mai dukiya da mai aiki ke yanke rabon riba kafin ayari ya tashi, sun kuma san shuf'a. Abin da zamani ya ƙara shi ne rajista a Hukumar CAC, da littafin lissafi da baƙo zai iya karantawa ya gane, da rabon da aka ware wa ma'aikatan farko, da sharaɗin abin da zai faru idan ɗaya ya so fita. Akwai kuma tambayar da ta kamaci mai gina kamfani don manoman Isa ko 'yan kasuwar Sabon Birni musamman: idan aka saye ni, wa zai ci gaba da yi musu aiki, kuma me zan sa a takarda don in tabbatar da haka? Lokacin da ya fi sauƙin rubuta waɗannan abubuwa shi ne yanzu, tun kamfanin bai kai darajar da za a yi faɗa a kansa ba.